Shekara biyar ban shigar da takardar haraji a Amurka ba: ta ina zan fara?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ina zaune a Amurka da katin zama na dindindin. Daga 2020 zuwa 2024 ban shigar da takardar harajin kuɗin shiga ko sau ɗaya ba. Shekara uku na farko ina aikin albashi, ana cire mini haraji tun daga tushe. A 2023 na koma tuƙin motar haya ta manhajar waya, ba mai cire mini komai. Ba ni da kuɗin da zan biya gaba ɗaya, yawancin takarduna sun ɓace, ga shi ina son neman zama ɗan ƙasa. Za a ɗaure ni? Ta ina zan fara?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka kwantar da hankalinka tukuna. Wannan matsala tana zuwa teburina a kai a kai, kuma masu ita kusan labarinsu ɗaya ne: shekarar farko wata hidima ce ta hana, ta biyu tsoron ta farko ne ya hana, daga nan sai mutum ya daina buɗe duk wani ambulan da ya ga tambarin hukumar haraji a kai. Abin yana da gyara, kuma naka bai kai inda ya gagara ba.

A wurin hukumar harajin tarayya, wato IRS, shigar da takarda daban, biyan kuɗi daban. Kowanne da tararsa, kuma rashin shigarwa ya fi rashin biya tsada nesa ba kusa ba. Wanda ya shigar bai biya ba mai bashi ne kawai, doka kuma ta tanadar wa mai bashi hanyoyi da yawa: biya kaɗan-kaɗan, neman a yafe tara, neman a dakatar da karɓa idan yana cikin ƙunci. Wanda bai shigar ba kuwa, duk waɗannan ƙofofi a rufe suke gare shi har ranar da ya shigar. Saboda haka rashin kuɗi ba hujjar ƙarin jinkiri ba ce. Hasali ma mai ƙarancin kuɗi shi ya fi kowa buƙatar ya hanzarta.

Batun ɗauri. Gaskiya ne sashe na 7203 na dokar haraji ya mayar da ƙin shigar da takarda da gangan laifi, hukuncinsa kuma zai iya kai ɗaurin shekara ɗaya da tarar dala 25,000 a kan kowace shekara. Amma waɗanda ake gurfanarwa a kan haka galibi masu manyan kuɗi ne da suka ɓoye dukiya, ko suka yi ta watsi da wasiƙun hukuma shekara da shekaru, ko suka yi ƙarya da aka tambaye su. Ma'aikacin da ya zo da ƙafarsa, ya kawo lissafi na gaskiya kafin a fara bincikensa, abin da ya saba fuskanta tara ce da kuɗin ruwa. Sai dai idan akwai kuɗin da ka samu ta haramtacciyar hanya, ko wani jami'in sashen binciken laifuka na hukumar ya riga ya tuntuɓe ka, to kada ka yi magana da kowa sai lauyan haraji. Na ce lauya ne saboda sirrin da ke tsakaninka da shi doka ta kare shi har a shari'ar laifi, alhali akanta ana iya tilasta masa ya faɗi abin da ka gaya masa.

Ga yadda tarar take. Ta rashin shigarwa kashi 5 cikin ɗari ce na harajin da ba a biya ba, a kowane wata ko wani ɓangare na wata, har ta kai kashi 25. Ta rashin biya rabin kashi ɗaya ce a wata, ita ma iyakarta kashi 25. A watannin da suka haɗu, ana rage ta farko zuwa kashi 4.5, don haka bayan wata biyar ta tsaya a kashi 22.5, ta biyun kuma ta ci gaba da tafiya ita kaɗai. A ce harajin da ake bin ka na 2023 dala 6,000 ne. Tarar rashin shigarwa ta zama dala 1,350, ta rashin biya kuma dala 30 a wata, wato dala 540 bayan wata 18. Da ka shigar a kan lokaci ko da ba ka biya ko kwabo ba, dala 540 ɗin kaɗai za ta hau kanka. A kan wannan duka akwai kuɗin ruwa da ake lissafawa kullum, wanda ya kasance kashi 8 a shekarar 2024 da kashi 7 a 2025. Akwai kuma mafi ƙarancin tara ga takardar da ta wuce kwana 60: dala 485 ga wadda ya kamata a shigar a 2024, dala 510 ga ta 2025, ko kuma adadin harajin gaba ɗaya idan bai kai haka ba.

Ka lura duk wannan lissafi a kan harajin da ba a biya ba ake yin sa. Shekarar da aka cire maka fiye da abin da ya hau kanka, babu tara a kanta ko kaɗan. Ina kyautata zaton shekarunka uku na albashi haka suke, kuma wannan ya kawo mu ga abin da ya fi gaggawa a duk lamarinka.

Idan gwamnati ce ke riƙe da rarar kuɗinka, shekara uku take ba ka daga ranar da ya kamata ka shigar, ka zo ka karɓa. Wa'adin ya wuce, kuɗin ya zama na baitulmali. Ba a mayar maka da shi, ba a kuma ɗauke shi a rage maka bashin wata shekara. Wa'adin 2020 ya ƙare ranar 17 ga Mayu 2024, saboda an ɗaga ranar shigarwa a lokacin annobar korona. Na 2021 ya ƙare ranar 15 ga Afrilu 2025. Waɗannan biyu sun tafi, kuma na san abin da ciwo, musamman idan kana da 'ya'ya, domin sassaucin da ake ba iyaye da masu ƙaramin ƙarfi a waɗancan shekaru ba kaɗan ba ne. Wa'adin 2022 kuwa watan Afrilun 2026 ne. Idan bai wuce ba, takardar 2022 ce zan fara cika maka da kana gabana. Ko da hukumar ta riƙe rarar har sai ka shigar da sauran shekarun, ko ta zuba ta a bashin 2023, duk ribarka ce, tunda bashin ne zai ragu.

Akwai wasu wa'adi biyu da ya kamata ka sani, domin su ne suke rushe tunanin da mutane da yawa suke yi cewa idan aka yi shiru abin zai mutu da kansa. Idan ka shigar da takarda, a al'ada hukumar tana da shekara uku ta bincike ta ta ƙara maka haraji. Idan aka tabbatar da bashi a kanka a rubuce, tana da shekara goma ta karɓa, bayan nan bashin ya faɗi. Na farkon ba ya fara ƙirga sai ranar da ka shigar, na biyun kuma sai an tabbatar da bashin. Shekarar da ba a taɓa shigar da takardarta ba a buɗe take har abada. Ana iya waiwayarta bayan shekara ashirin. Ranar da ka shigar ita ce ranar da lokaci ya fara aiki dominka.

Za ka ji ana cewa shekara shida kawai ake nema. Wannan daga wata manufa ce ta cikin gida ta hukumar, mai lamba 5-133, wadda ta ce a yawancin lokuta shigar da takardun shekara shida na baya ya isa a ɗauki mutum a matsayin wanda ya daidaita. Ga wanda ya yi shekara goma sha biyar wannan babban sauƙi ne. Kai da kake da biyar, duka za ka shigar, har da biyun da rararsu ta riga ta tafi, sai fa idan a wata shekara abin da ka samu bai kai matakin da ke wajabta shigarwa ba. Ga mutum shi kaɗai wanda bai kai shekara 65 ba, matakin dala 12,400 ne a 2020, 12,550 a 2021, 12,950 a 2022. Ga mai sana'ar kansa kuwa, ribar dala 400 kacal ta wajabta.

Shiru da ka ji daga hukumar ba ya nuna ba ta sani ba. Duk fom ɗin W-2 (bayanin albashinka da harajin da aka cire) da mai aikinka ya ba ka, da duk fom 1099 (bayanin kuɗin da aka biya ka) da kamfanin manhaja ya aiko maka, kwafinsu yana wurinta. Idan ta waiwayo ka, takan fara da wasiƙar CP59, sai CP516, sai CP518. Ba amsa, sai ta cika maka takardar da kanta. Wannan takarda ta madadin ita ce abin da na fi ji maka tsoro, domin ana cika ta ne kamar ba ka da 'ya'ya, ba a haɗa ka da matarka a takarda ɗaya, ba a kuma cire ko sisi na abin da ka kashe a sana'a. Daga ƙarshe wasiƙar CP3219N za ta zo, ta ba ka kwana 90 ka shigar da taka ko ka kai ƙara kotun haraji. Kwanakin suka cika, adadin ya zama bashi, daga nan kuma ana iya kai wa ga taɓa asusun banki ko albashi. Idan an riga an yi maka haka, har yanzu kana iya shigar da taka ta gaskiya a gyara lissafin, sai dai yana ɗaukar lokaci. Wani abu da mutane ba su sani ba: wasiƙar da aka aika adireshinka na ƙarshe da hukumar ta sani, a doka ta isa gare ka ko ba ka gan ta ba. Idan ka sauya gida tun 2019, ka cika fom 8822 a wannan makon.

Takardun da suka ɓace su ne mafi sauƙin matsalolinka. Ka buɗe asusu a shafin hukumar na intanet, ka sauke abu biyu na kowace shekara. Na farko shi ne bayanin albashi da kuɗin shiga, wanda ke nuna duk abin da wasu suka kai rahoto da lambarka, har kusan shekara goma baya. Na biyu bayanin asusu ne, wanda zai nuna maka ko an cika maka takardar madadin, ko an tura wasiƙu, ko akwai kuɗin da aka riga aka biya. Idan tantancewar intanet ta ba ka wahala, fom 4506-T yana kawo maka su ta gidan waya. Abu ɗaya da ba za ka samu a ciki ba shi ne harajin da jiharka ta cire. Wannan sai ka nemi kwafin W-2 daga tsohon wurin aikinka ko daga hukumar harajin jihar.

Shekarun albashi aikin 'yan sa'o'i ne. Shekarun tuƙi ne ke buƙatar zama, kuma a nan ne kuɗi na gaske yake shiga ko ya fita. Mai sana'ar kansa haraji biyu yake biya: na kuɗin shiga, da kuma kashi 15.3 na tsarin fansho da lafiyar tsofaffi, wanda ma'aikaci rabinsa kawai yake gani domin mai aikinsa ne ke biyan sauran. Wannan na biyun shi ne ke girgiza sababbin direbobi, saboda yana hawa ko da ribar ba ta kai a biya harajin kuɗin shiga ba. Adadin da ke kan fom 1099-K kuma yawanci jimillar abin da fasinjoji suka biya ne, tun kafin kamfani ya cire nasa kason. Bari in ba ka misali. Fom ya nuna dala 48,000. Kamfani ya riƙe 9,000 a matsayin kamasho da sauran caji. Mai, inshora, gyara, taya da ragin darajar mota na ɓangaren aiki sun ci 19,000. Ribarka ta gaskiya dala 20,000 ce, harajin sana'a a kanta kuwa wajen dala 2,800. Idan aka yi lissafin a kan 48,000 ɗin gaba ɗaya, kamar yadda takardar madadin za ta iya yi, zai haura dala 6,700, kafin ma a zo ga harajin kuɗin shiga da ya kumbura tare da shi. Duk wannan bambanci yana rataye ne a kan shafi ɗaya mai suna Schedule C, inda ake lissafa kuɗin da sana'a ta kawo da wanda ta ci, wanda babu mai cika maka shi in ba kai ka kawo bayanin ba.

To da me za ka kafa hujja tunda rasit sun ɓace? Ka shiga asusunka na manhajar ka sauke taƙaitaccen bayanin haraji na 2023 da 2024. Yana nuna kamashon da aka cire da yawan mil ɗin da ka yi kana kan aiki. Ka nemi bayanan asusun banki da na katin bashi na wata 24 ɗin, ka bi su layi-layi kana ware mai, inshora, gareji, kuɗin hanya da na waya. Takardun gyaran mota da na binciken lafiyarta sukan ɗauki adadin mil na ranar, da su ake gane tafiyar shekara gaba ɗaya, a fitar da kason aiki daga na gida. Hanyoyin lissafin mota biyu ne: ko a bi ainihin abin da aka kashe, ko a bi ƙayyadadden farashi na kowane mil, wanda ya kasance santi 65.5 a 2023 da santi 67 a 2024. Ta biyun ta fi sauƙi, kuma sau da yawa ta fi riba ga direba. Amma jagorar hukumar ta ce ana zaɓenta ne kafin wa'adin shigar da takardar ya wuce, don haka kai da ka makara kada ka ɗauka tana hannunka. Ka tattara hujjar hanyoyin biyu, ka bar ƙwararre ya duba wadda za ta tsaya.

Ina roƙonka da babbar murya a kan abu ɗaya. Idan ka ga adadin bashin, zuciya za ta raya maka ka ƙara mil, ka ɓoye kuɗin da aka ba ka a hannu, ko ka sa sunan yaron da ba ya zaune tare da kai. Za ka kuma samu masu cika takarda da za su yi maka tayin haka da kansu. Kada ka yarda, domin an guji gara ne an faɗa gidan zago. Rashin shigarwa ƙaramin laifi ne a ma'aunin doka, amma sa hannu a takardar da ka san ƙarya ce babban laifi ne mai ɗaurin da ya kai shekara uku. Ga wanda ba ɗan ƙasa ba abin ya wuce nan. A shari'ar Kawashima ta 2012, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa hukunta mutum a kan takardar haraji ta ƙarya da ta jawo wa gwamnati asarar sama da dala 10,000 yana cikin laifukan da ake korar mai katin zama daga ƙasar a kansu. Ma'auratan da shari'ar ta shafa sun shafe shekaru masu yawa suna zaune bisa ƙa'ida. A kan wannan layin, ka sani kuɗin da kake aika wa iyaye da 'yan'uwa a wata ƙasa ba a cire shi daga haraji, duk da girman ladansa, kuma ba a sa mutum a jerin waɗanda kake ɗaukar nauyinsu sai in ɗan Amurka ne ko mazauninta, ko mazaunin Kanada ko Meksiko.

Mai katin zama yana biyan haraji a kan abin da ya samu a ko'ina a duniya, har da kuɗin hayar gida ko ribar kasuwanci a ƙetare. Idan kuma jimillar abin da ke asusunka na ƙasashen waje ta taɓa haura dala 10,000 ko na rana ɗaya a shekara, akwai rahoto daban mai suna FBAR da ake shigarwa a fom 114 na FinCEN, hukumar da ke yaƙi da laifukan kuɗi. Tarar wannan tana da zafi, hanyar gyaransa kuma ta bambanta. Idan ya shafe ka, ka faɗa wa wanda zai taimake ka tun a zaman farko.

Wajen shigarwa, kowace shekara da fom 1040 nata, wato ita kanta takardar harajin, da dokokinta, ba a cika 2021 a kan fom ɗin 2024. Na'urar hukumar tana karɓar shekarar da ake ciki da biyu na bayanta ta intanet, wato a 2025 ana iya tura 2024, 2023 da 2022, galibi ta hannun mai cika takarda da ke da rajista. Waɗanda suka girme haka, irin na 2020 da 2021, sai a takarda. Ka sa hannu da biro, kowace shekara a ambulan ɗinta, ka aika ta wasiƙa mai rajista, ka adana shaidar ranar aikawa tare da kwafin komai. Idan akwai wasiƙar hukuma a hannunka, ka aika adireshin da ke jikinta. Hukumar ta ce takardar baya da aka cika daidai tana ɗaukar kamar mako shida, amma ta takarda takan wuce haka, don haka kada jinkiri ya sa ka sake aika wani kwafin, rikita lissafi yake yi. Jiharka ma tana da nata, sai in kana ɗaya daga cikin jihohin da ba sa karɓar haraji a kan albashi, irin su Texas da Florida. Wasu jihohin sun fi tarayya saurin kai hannu ga asusun mutum.

Sai biya. Duk abin da ka iya turawa yau, ka tura, ko kafin takardun su kammala, ka nuna shekarar da kake biya wa. Kowace dala da ta shiga ta daina haifar da ruwa da tara. Bayan an karɓi takardun, idan za ka iya gamawa cikin kwana 180 akwai gajeren shiri ga wanda bashinsa bai kai dala 100,000 ba. Idan sai an ja, wanda jimillar harajinsa da tara da ruwa ba ta wuce dala 50,000 ba yana iya neman biyan wata-wata ta intanet ko da fom 9465, ba tare da an tona duk dukiyarsa ba. Ka zaɓi adadin da za ka iya biya a watan da kasuwa ta yi sanyi, ka riƙa ƙarawa a watan da ta yi kyau, domin karya yarjejeniya ya fi rashin ƙulla ta muni. Idan biyan zai hana ka ci da iyalinka da biyan haya, ana iya sa asusunka a matsayin wanda ba za a iya karɓa ba a yanzu, ruwa na ci gaba da hawa amma an daina matsa maka. Tallan da kake ji na kamfanonin da ke alƙawarin share bashi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, suna magana ne a kan tayin sulhu na fom 656. Shirin gaskiya ne, amma lissafi ake yi na abin da ka mallaka da abin da za ka iya samu nan gaba, kuma mai lafiya da ke aiki da bashin 'yan dubbai ba kasafai yake cancanta ba. Ba a ma duba tayin sai duk takardu sun shiga.

Tara kuma ana neman a ɗage ta, mutane ne ba sa tambaya. Akwai sassaucin karon farko ga wanda shekaru uku da suka gabaci shekarar ba su da tara. Idan ya tabbata 2020, 2021 da 2022 rara ce a cikinsu, akwai kyakkyawar dama a ɗage maka tarar 2023, wadda ita ce ta fi daɗewa tana taruwa. Ana nema ta waya ko a rubuce bayan ka shigar da komai kuma ka biya ko ka ƙulla yarjejeniya. Ban da wannan, akwai sassauci saboda uzuri mai ƙarfi, kamar rashin lafiya mai tsanani, rasuwa a gida ko gobara, idan akwai shaida da ranakun da suka dace da lokacin jinkirin. Kuɗin ruwa shi ba a cika yafe shi ba, sai dai wanda ya hau kan tarar da aka ɗage.

Akwai wata riba da ke cikin shigar da shekarun tuƙi wadda ba a cika ambata ba. Kashi 15.3 ɗin nan shi ne ke tara maka maki 40 da ake buƙata kafin a ci fanshon gwamnati. Hukumar fanshon tana karɓar rahoton kuɗin sana'a ne cikin shekara uku da wata uku da kwana 15 bayan ƙarewar shekarar. Na 2023 ke nan yana da lokaci har 15 ga Afrilu 2027. Wanda ya wuce haka zai biya harajin, amma yana iya rasa makin.

Shawarata kada ka yi wannan aiki kai kaɗai, saboda shekarun tuƙi da batun zama ɗan ƙasa. Mutum uku ne ke da cikakken ikon tsaya maka a gaban hukumar da fom 2848: wakilin haraji mai lasisin hukumar, akanta mai lasisin jiha, da lauya. Duk wanda ka biya ya cika maka takarda, dole ya sa hannunsa da lambarsa ta PTIN, wato lambar rajistar masu cika takarda, a kai. Wanda ya ƙi sa suna, ko ya ce ladansa kaso ne daga rarar da za a mayar maka, ko ya yi maka alƙawarin adadi kafin ya ga takardunka, ka tashi ka bar wurin. Idan kuɗin ƙwararre ya fi ƙarfinka, shirin VITA na 'yan sa-kai yana cika takarda kyauta ga mai ƙaramin samu (a 2025 iyakar kimanin dala 67,000 ce a shekara), wasu cibiyoyinsa suna yin shekarun baya, ko da yake suna da iyaka a kan lissafin sana'a. Akwai kuma cibiyoyin LITC da ke wakiltar masu ƙaramin ƙarfi a rikicinsu da hukumar kyauta ko da kuɗi kaɗan. Wanda kuwa ya kira ka a waya yana barazanar turo 'yan sanda in ba ka biya da katin kyauta ba, ɗan damfara ne. Hukumar da wasiƙa take farawa.

Duk wannan zai rushe idan shekarun da ke bayan 2024 suka bi sahun sauran. Yarjejeniyar biyan wata-wata sharaɗinta shi ne kada ka sake makara, kada kuma sabon bashi ya taru. Mai sana'ar kansa yana biyan harajin ƙiyasi sau huɗu da fom 1040-ES: 15 ga Afrilu, 15 ga Yuni, 15 ga Satumba, da 15 ga Janairun shekara mai zuwa. Ka buɗe asusu na daban, duk mako ka zuba wani kaso na ribar a ciki, ka kuma fara rubuta mil ɗinka daga yau. Idan kuɗi bai isa duka biyu ba, ka fifita harajin bana a kan ƙarin biyan tsohon bashi.

Game da zama ɗan ƙasa, fom N-400 da ake nema da shi yana tambaya kai tsaye ko ana bin ka harajin tarayya, na jiha ko na ƙaramar hukuma da wa'adinsa ya wuce, kuma jami'in da zai gana da kai yana duba halayenka na shekara biyar da suka gabata, ko uku ga mai auren ɗan ƙasa. Shekarun nan su ne daidai waɗanda ba ka shigar ba, don haka kada ka miƙa fom ɗin yanzu. Bashi shi kaɗai ba lallai ya hana ba idan akwai shaidar ka shigar da komai kuma kana biya bisa yarjejeniya. Ka jira har bayanan asusunka na shekaru biyar ɗin su nuna an karɓi takardun, ka sami wasiƙar amincewa da biyan wata-wata, ka tara shaidar biya na wasu watanni a jere, na tarayya da na jiha. Sannan ka kai wa lauyan shige da fice wannan fayil ɗin ya duba, shi zai gaya maka lokacin da ya dace ka nema da kuma yadda za ka yi bayanin jinkirin idan an tambaye ka a ranar ganawa.